Mu bari gari ya waye

Na daɗe ina ɗauka sau biyu na tafka kuskure a kan zuwa sashen gaggawa na asibiti. Sai daga baya na gane na farkon ba kuskure ba ne sam. Kunyar da na kwaso daga cikinsa ce ta haifi na biyun, shi kuwa na biyun har yau muna cikinsa a gidanmu.

Wani dare ne wajen ƙarfe 11, ina kwance sai na ji kamar an ajiye mini garwashi a tsakiyar ƙirji. Na juya dama, na juya hagu, na tashi zaune, abu ya ƙi lafawa. Can sai gumi ya karyo mini, ga wani nauyi yana gangarowa kafaɗa. Shekarata 41 a lokacin, kuma ciwon zuciya ne ajalin mahaifinmu, ba sai na gaya muku inda tunanina ya nufa ba. Maiɗakina ta dube ni sau ɗaya, ba ta tambaye ni komai ba, ta fita ta buga wa maƙwabcinmu ƙofa ya fito da mota.

Muna shiga na ce wa nas ɗin da ke bakin ƙofa ƙirjina ne. Ko zama ban yi ba aka shigar da ni bayan labule, aka manna mini wayoyi a ƙirji da wuyan hannu da idon sawu, na'ura ta fitar da wata takarda mai zane kamar haƙoran zarto. Aka ɗebi jini. Daga nan kuma sai aka manta da ni, ko dai haka na gani. Na zauna a benci ina kallon yadda ake wucewa da mutane a gadon turawa, wani jina-jina, wata tsohuwa da robar iska a hanci. Bayan awa 3 aka sake ɗibar jini. Sai gab da asuba likita ya kira ni ya ce, "Malam, zuciyarka ƙalau take. Ƙwarnafi ne, ruwan cikinka ke tasowa yana ƙona hanyar abinci." Ya rubuta magani. Ina miƙewa ya ƙara da cewa, "Amma ka yi daidai da ka zo." Na ɗauki wannan a matsayin kara kawai, irin yadda ake ce wa baƙon da ya zo a makare ai bai makara ba.

Labari ya zaga dangi kafin rana ta take. Ƙannena suka sa ni gaba, duk wanda ya kira sai ya ce, "Yaya, ya ƙarfin jikin gyatsa?" Na taya su dariya, amma abin ya zauna mini a rai. Na hana maƙwabci barci, na tsorata iyali, na shafe dare a benci, duk a kan ƙwarnafi. Na ƙudurce a raina ba za a sake ganina a wurin nan ba sai in ɗauko ni aka yi.

Wata 14 bayan haka Umma ta zo mana kwana biyu. Shekarunta 68, tana da hawan jini, maganin kuma sai ranar da ta tuna take sha. Da yamma muna zaune a falo tana ba jikanta labari, da kofin ruwa a hannu, sai kofin ya suɓuce. Wannan bai dame ni ba, kowa yana sakin kofi. Ta sunkuya za ta ɗauka, yatsun hannunta na dama suka ƙi kamawa, suna ta zamewa a jikin kofin kamar ba nata ba. Ta ɗago za ta yi magana, kalmomin suka fito a cakuɗe kamar mai magana da ruwa a baki. Gefen bakinta na dama ya ɗan zubo.

Muka kwantar da ita ana ta yi mata fifita. Kafin minti 15 komai ya koma daidai. Ta ɗaga hannun, ta dunƙule, ta buɗe, ta kira sunan kowa ɗaya bayan ɗaya. "Gajiya ce," in ji ta, "ku daina zuba mini ido kamar wadda ta mutu ta dawo." Maiɗakina ta ja ni gefe ta ce, "Maigida, don Allah mu kai Umma asibiti yanzu." Ni kuwa abin da ya faɗo mini a rai bencin nan ne, da dariyar ƙannena. Na ce, "Ba ga shi ta warware ba? Mu bari gari ya waye." Gari ya waye Umma tana ras, har da taya yara shirin makaranta. Maganar asibiti ta bi ruwa.

Kwana biyu tsakani, da asuba aka ji shiru ba ta fito ba. Muka same ta a kwance, ɓarin dama duk ya saki, tana bin mu da ido, magana ta ƙi fita.

Tambayar farko da likita ya yi mana ita ce, "Yaushe rabonku da ganinta lafiya ƙalau?" Na ce yanzu da asuba muka same ta haka. Ya ce, "Ba lokacin da kuka same ta nake tambaya ba. Yaushe wani ya ji ta tana magana daidai?" Ƙarfe 10 na dare ne, sa'ad da muka yi sallama. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, ƙarfe 6 da rabi. A nan na fara jin cewa akwai allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, amma a ƙa'ida cikin awa 4 da rabi daga farawar ciwon ake yin ta, kuma in mutum ya farka da abin, daga lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya ake fara ƙirga. Akwai kuma aikin da ake zura siririyar waya ta jijiya a zaro gudan jinin, wanda a wasu mutanen ana iya yi har zuwa awa 24, sai dai ba kowane asibiti ke yin sa ba, kuma ba kowace toshewa ya dace da ita ba. Ta Umma ba ta cikin waɗanda ya dace da su.

Ina tsaye a wurin sai bakina ya suɓuce na ba shi labarin kofi. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ajiye biro kawai ya yi, ya ce abin da muka gani shekaranjiya shi ne gargaɗin. Gudan jini ne ya toshe jijiya na ɗan lokaci sannan ya wuce, shi ya sa ta warware, amma abin da ya jefo na farkon yana nan zai jefo wani, kuma kwana biyun farko su suka fi haɗari. Da mun kawo ta a daren, da an yi hoton ƙwaƙwalwa, an duba bugun zuciyarta da jijiyoyin wuya, an sa ta a maganin hana daskarewar jini, an ɗaure wa hawan jinin ƙafa. Daga baya na karanta wani bincike da aka yi a Oksfod ta Ingila, aka wallafa a 2007, wanda ya nuna cewa fara magani nan take bayan irin wannan gargaɗi ya rage aukuwar babbar shanyewar da kusan kashi 80 cikin 100. Na karanta kuma lissafin wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Jeffrey Saver, na 2006, cewa in babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti. Ban san abin da ya kai ni ɗaukar biro ina ninka wannan adadi da awannin daren ba, amma na yi.

Alhamdulillahi Umma ta tashi. Magana ta dawo a hankali cikin watanni, tana tafiya da sanda. Hannun dama dai bai dawo ba, a cinya take ajiye shi, ta koyi yin komai da hagu. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ko da wasa.

Ina da ƙanwa ma'aikaciyar jinya, ta yi shekaru a sashen gaggawa. Ranar kofi ban kira ta ba, kuma na san dalili: na san abin da za ta ce. Da ta zo jinya, wani dare muna zaune a barandar asibiti ta ce mini, "Yaya, matsalarku ita ce da zafi kuke auna ciwo. Haƙori yana sa ƙato birgima a ƙasa, amma zai kai safiya. Abin da ya samu Umma kuwa ko ɗigon zafi babu." Ta ce su abin da suke fara dubawa shi ne wane aikin jiki ne ya tsaya, numfashi ne, ko hayyaci, ko magana da motsi, ko jini ne ke zuba. Sannan yaya abin ya zo, a hankali cikin makonni ko kuwa farat ɗaya. "Duk abin da ya zo farat ɗaya ya ƙwace wa mutum abin da yake iya yi minti 5 da suka wuce, ba na gida ba ne. Ko da ya mayar masa."

Gwajin shanyewar ɓarin jiki ba ya buƙatar kayan aiki, yaro ma zai iya. Ka ce wa mutum ya yi murmushi, ka duba ko gefe ɗaya ya ƙi tashi. Ka ce ya miƙa hannuwansa biyu gaba, ka ga ko ɗaya yana zamowa ƙasa. Ka faɗi gajeriyar magana ya maimaita. Ko guda ɗaya aka samu ta isa. Haka nan in gani ya ɗauke ko ya rabu biyu kwatsam, ko mutum ya kasa tsayuwa yana tangaɗi. Sai ka dubi agogo ka riƙe lokacin, don shi za a fara tambayarka. Kada a ɗura masa ruwa ko magani, haɗiya ma tana shanyewa, sai ya shaƙe. Kada kuma a ba shi asfirin da sunan taimako. Kusan kashi 85 cikin 100 toshewar jijiya ce, amma sauran fashewa ce, asfirin kuwa ƙara wa zubar jini gudu yake yi, kuma ba mai iya rabe biyun da ido sai an yi hoto.

A daren nan ne kuma ƙanwar tawa ta warware mini maganar ƙwarnafina. Ta ce gaggawar da aka yi aka manna mini wayoyi ba tsoro ba ne, ƙa'ida ce: mai ciwon ƙirji ana son a yi masa awon zuciya cikin minti 10 da isowarsa. Jinin da aka ɗiba sau biyu kuwa wani sinadari ake nema, tiroponin, wanda naman zuciya ke saki in ya ji rauni, kuma ba ya hawa nan take, shi ya sa ake sake gwadawa bayan 'yan awanni. Wato likitan da kansa, da duk karatunsa, bai yarda ya ce ƙwarnafi ne ba sai da ya ga gwaji uku. To ni wane ne da zan yanke wannan hukunci a kan gado da tsakar dare? Ciwon ƙirji mai nauyi ko matsewa, wanda ya wuce 'yan mintoci ko yake tafiya yana dawowa, yana bazuwa zuwa hannu ko muƙamuƙi ko gadon baya, ga gumi ga tashin zuciya, ba a yi masa gwajin maganin ƙwarnafi a gida a zauna jiran sakamako. Ko ya ɗan lafa bayan maganin, wannan ba shaida ba ce. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, mata da tsofaffi da masu ciwon suga sau da yawa ba sa ma jin ciwon ƙirjin sosai. Haki kawai, ko wata irin kasala da ba a saba gani ba, ko ciwo a saman ciki. Kuma mai wannan hali ba ya tuƙa kansa, don zuciya tana iya tsayawa a kan hanya. In akwai motar asibiti a kira ta, in babu wani ya ja.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani, duk wanda ya gan su jikinsa zai ba shi. Mutum yana haki har ba ya iya ƙarasa magana, ko leɓɓansa sun canza launi. Leɓe da harshe suna kumbura bayan shan wani magani ko harbin ƙwaro, murya tana shaƙewa. Ciwon kai da ya sauko lokaci guda kamar an maka guduma, irin wanda mutum bai taɓa ji ba. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta. Rauni da aka danne minti 10 jini bai tsaya ba. Jijjiga da ta wuce minti 5, ko ta farko a rayuwar mutum, kuma don Allah a daina cusa cokali a bakin mai jijjiga, a kwantar da shi a gefensa kawai a kawar da abin da zai ji masa ciwo. Ciwon ciki da ya faro daga cibiya ya gangara ƙasan dama yana ƙaruwa, wanda sau da yawa afendis ne. Akwai guda ɗaya da nake son iyayen samari su sani, don kunya ce ke kashe shi: yaro ya ji matsanancin ciwo farat ɗaya a ɗan maraina, wataƙila har da amai. Yana iya zama murɗewa ce ta yanke masa jini, kuma awa 6 ne kusan duk abin da ake da shi kafin a rasa shi. Saurayi ɗan shekara 14 zai iya kwana yana juyi bai faɗa wa kowa ba.

Waɗanda suka fi kama da na Umma su ne masu yaudara, waɗanda mutum ke tashi garau bayan abin ya faru. Wanda ya haɗiyi farasitamol da yawa, bisa kuskure ko da gangan, yana iya wuni ba ya jin komai alhali hanta tana lalacewa, makarinsa kuwa ya fi aiki in an fara shi cikin awa 8. In da gangan ne ma, wannan kaɗai dalili ne na tafiya. Wanda ya bugu a ka yana iya miƙewa ya yi hira, bayan wasu awanni ya fara amai a kai a kai, barci yana fizgarsa, magana tana rikicewa, saboda jini yana taruwa a cikin ƙoƙon kai. Tsoho ko mai shan maganin tsinka jini, shi ko bai nuna alama ba gara a duba shi.

Na yara kuwa sai da aka gwada ni a kai. 'Yar autarmu tana wata 8 ta kwana biyu tana tari da zazzaɓi, a dare na uku uwarta ta ce numfashin bai yi mata ba. Na ji tsohuwar maganar nan tana tasowa a maƙogwarona, na haɗiye ta, na kira ƙanwata. Ta ce, "Yaya, ku jira ta yi shiru, ku ɗage rigarta, ku ƙirga numfashinta minti ɗaya cur da agogo." Na kunna fitilar waya, uwar ta riƙe rigar, na zuba wa ɗan cikin nan ido yana hawa yana sauka. Na samu 58. Na sake, 60. Kuma duk sa'ad da ta ja iska sai ƙasan ƙirjinta ya lotsa ciki. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne, jariri ƙasa da wata 2 in ya kai 60 a minti numfashinsa ya yi sauri, daga wata 2 zuwa shekara 1 kuwa 50, daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. Muka tafi. Ciwon huhu ne, ta kwana uku da robar iska.

Amma yayanta, yana shekara 6, ya taɓa kai 39.4 a ma'aunin zafi yana zaune yana faɗa da ƙaninsa a kan abin wasa, yana shan ruwa, yana fitsari. Shi da safe muka kai shi asibitin yau da kullum aka yi masa gwaji. A yaron da ya ɗan tasa, yanayinsa ya fi lambar ma'auni magana: ya ƙi nono ko ruwa sam, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ya yi jijjiga, waɗannan su ne na tashi yanzu. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa ba a yi masa wannan lissafi, da zarar zafin jikinsa ya kai 38 sai asibiti, ko yana murmushi. Mai ciki ma nata ma'aunin daban ne. Jini, ko ciwo a gefe ɗaya na mara da jiri a farkon ciki, wanda ke iya zama ciki a wajen mahaifa, ko matsanancin ciwon kai da dishi-dishin gani bayan mako 20, ko motsin ɗa ya ragu, ba ɗayansu da ke jiran ranar awo. Tsoho kuma in ya rikice lokaci guda ya fara sambatu, kada a ce tsufa ne. Tsufa ba ya zuwa a yini ɗaya. Sau da yawa wata cuta ce ta shiga jini, ko suga ya faɗi.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka cewa nake kowane atishawa a ruga sashen gaggawa. Wurin ba layi ba ne da wanda ya riga zuwa ke riga shiga. Tun zamanin Dominique Larrey, babban likitan tiyata a rundunar Nafoliyon na Faransa, wanda ya riƙa fara duba sojan da ya fi jin rauni ba tare da kallon muƙaminsa ba, haka tsarin yake. A wani tsari da aka ƙirƙiro a Manchesta a shekarun 1990, wanda asibitoci a ƙasashe da dama ke bi, launi biyar ake raba mutane: ja a gan shi nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin awa 1, kore awa 2, shuɗi awa 4. Da na san haka a daren ƙwarnafina, da na gane cewa mayar da ni benci albishir ne. Wanda aka ruga da shi ciki ba gata aka yi masa ba. Murar kwana uku, ciwon bayan da aka yi wata shida ana fama da shi bai canza ba, ƙurajen da ba zazzaɓi, maganin da ya ƙare, duk waɗannan likitan rana ya fi yi musu adalci, don shi ke da lokacin sauraro. Har lambar hawan jini ma, da ke firgita mutane. In ka auna ka ga 180 bisa 120 amma ba ka jin komai, ka zauna ka huta minti 5 ka sake aunawa, in tana nan ka nemi likita a ranar. In kuwa da ciwon ƙirji, ko haki, ko rikicewar gani ko magana, to ba zama.

Ban manta da abin da ke riƙe mutane a gida ba. Akwai tsoron abin da za a kashe, akwai nisa, akwai neman mota da tsakar dare, akwai wanda zai zauna da yara. Duk gaskiya ne, ba na raina ko ɗaya. Amma ni a daren kofi ba ɗaya daga cikinsu da ya hana ni. Mota tana ƙofar gida. Gudun kada a sake yi mini dariya ne kawai, kuma na lura wannan ciwon ya fi kama maza, da iyaye mata masu cewa ba sa son su wahalar da kowa. Shiga intanet da ƙarfe 2 na dare ma ba ya raba gardama, don duk abin da ka shiga nema shi za ka samu, mai neman dalilin zama zai samu, mai neman abin tsoro ma haka.

Yanzu akwai takarda manne a bayan ƙofar ɗakinmu, da sunayen magungunan Umma da adadinsu, da maganin da jikin maiɗakina ba ya so, da lambar kiran agaji, da lambobin mutum biyu masu mota. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙanwata ta kuma koya mini yadda ake magana a bakin ƙofar sashen gaggawa, don mu mun iya faro labari daga bara. Ta ce abu mafi muni za ka fara faɗa, da lokacin da ya fara: "Bakinta ya karkace, magana ta rikice, tun ƙarfe 7 da kwata." Sauran tarihin sai an tambaya. In kuma kana benci ka ga jikin yana ƙara lalacewa, ka tashi ka faɗa, launin da aka ba ka da farko ba hatimi ba ne.

Watan da ya wuce, wajen ƙarfe 1 na dare, na ji sandar Umma ta faɗi. Na same ta zaune a bakin gado ta dafe bango, ta ce ɗakin ne ke juya mata, ta tashi za ta shiga banɗaki ta kasa tsayuwa. Na ce ta yi mini murmushi, ta harare ni tukuna sannan ta yi. Bakin daidai yake, maganar ma haka. Na dubi agogo, na rubuta 1:10 a bayan hannuna da biro. "Kai dai ka cika tsoro," in ji ta. "Jiri ne kawai. Mu bari gari ya waye." Kafin ta rufe baki maiɗakina ta riga ta durƙusa tana sa mata takalmi.

Aka yi hoto, ba sabon abu. Likita ta juya mata kai gefe ta kwantar da ita tana kallon idanunta, ta ce, "Mama, daga cikin kunne ne, ba daga ƙwaƙwalwa ba." Ƙarfe 5 saura muka kamo hanyar gida. Umma tana kujerar baya, hannun daman a cinya, tun daga ƙofar asibiti take mita, wai na fito da tsohuwa cikin sanyi a kan jiri, kuma gobe sai ta gaya wa ƙannena. Na ce, "To Umma, ki gaya musu." Muna shan kwanar layinmu na duba madubi, ta yi barci.